Tsintsiyar Gida da Kukan Gari: Ina Hakkin Muhalli Ya Rataya?

Gabatarwa

A duk unguwar da mutum ya zauna a biranen ƙasar nan, daga Legas zuwa Fatakwal, daga Ibadan zuwa Kano, zai tarar da mutane iri biyu waɗanda lalacewar muhalli ta dame su, amma kowanne da hanyar da ya kama. Na farko ya mayar da hankalinsa ga gidansa. Ba ya yar da leda a titi, ba ya barin famfo yana zuba, yana kashe fitila in gari ya waye, ya kuma dasa darbejiya a ƙofar gida yana ba ta ruwan wanke-wanke. In an kira taron unguwa a kan jujin da ya toshe hanya, sai ya ce shi ba ya son hayaniya. Na biyu kuwa kullum yana kan hanya: yau ya rubuta takardar koke zuwa ƙaramar hukuma, gobe yana gidan rediyo, jibi ya ɗaga kwali a gaban ma'aikata. In aka leƙa bayan gidansa, wataƙila a tarar da kwatarsa ta cika da ledar fiya-wata.

Waɗannan mutane biyu sun daɗe suna yi wa juna kallon hadarin kaji. Mai tsintsiya yana ganin mai koke a matsayin mai surutu marar aiki, shi kuma mai koke yana ganin mai tsintsiya a matsayin matsoraci da ya fake da tsafta. Abin tambaya a wannan maƙala shi ne: wanne ne daga cikin ayyukan nan biyu ya fi wajaba a kan mutum, kuma da wane ma'auni zai raba ƙarfinsa da lokacinsa a tsakaninsu? Tambayar ba ta wasa ba ce, domin lokacin mutum ƙayyadadde ne, kuma akwai garuruwa a ƙasar nan da amsar da aka ba ta ta zama bambanci tsakanin rayuwar yara da mutuwarsu. Matsayinmu shi ne ba a raba hakkin nan biyu daidai wa daida kamar ana rabon gado. Ana auna shi ne da abu biyu, wato inda ɓarnar ta fito, da kuma irin ikon da ke hannun wanda ake tambaya.

Hujjar Mai Tsintsiya

Ya kamata mu fara da ba mai tsintsiya hakkinsa, domin hujjarsa tana da ƙarfi. Akwai ɓarnar da ba ta da uba guda. Ledar da ta toshe magudanar ruwa a Mushin ko a Fagge ba wani kamfani ne ya kwaso ta da babbar mota ya zuba ba. Hannaye dubbai ne suka yar da ita ɗaya bayan ɗaya, kowanne yana cewa a ransa guda ɗaya ba ta komai. Ranar da ruwan sama ya sauka ya rasa hanya, ya shiga ɗakunan mutane, ya kwanta ya haifi sauro, babu wanda za a kama a ce shi ne, domin kowa ne. Irin wannan ɓarna, tun da hannaye da yawa ne suka tara ta, hannaye da yawa ne kaɗai za su iya daina tara ta. Ko da an ninka motocin kwasar shara sau goma, ba za su iya bin kowane mutum suna tsince abin da ya yar ba.

Har ila yau, abin da ake kira rayuwa mai tattalin muhalli ba baƙon abu ba ne da ya zo mana daga Turai. Kakanninmu ba su san sunan ba, amma sun san aikin. Ƙwarya in ta fashe ana ɗinke ta. Alala da dafaffen abinci a ganye ake ƙunshe su, ganyen kuma ya koma ƙasa. Toka ta zama sabulu, tsohon zane ya zama tsumma, sauran tuwo ya zama ɗumame. Manoman da ke kewaye da birnin Kano sun shafe ƙarnoni suna kwasar sharar birni a kan jakuna suna kaiwa gonakinsu a matsayin taki, har ƙasar ta iya ɗaukar noma shekara da shekaru ba tare da an bar ta ta huta ba. Ke nan wanda ya ɗauki jakar saƙa zuwa kasuwa maimakon karɓar leda biyar, gadon gidansu ya koma wa.

Hujja ta uku ta shafi hali. Masu iya magana sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mutumin da ya saba kula da abin da ke fita daga hannunsa yana samun abu biyu da ba a saye a kasuwa. Yana samun ido, domin wanda ya taɓa yashe kwatarsa shi ya san daga ina sharar take gangarowa. Yana kuma samun bakin magana, domin maƙwabta ba sa sauraron wa'azin tsafta daga wanda ƙofar gidansa ta fi ta kowa wari.

Inda Tsintsiya Ba Ta Kaiwa

Sai dai duk da ƙarfin wannan hujja, tana da iyaka, kuma iyakar tana nan kusa. A watan Agusta na 2011 Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoton bincikenta a kan ƙasar Ogoni da ke Jihar Ribas. Daga cikin abin da ta gano, akwai rijiyoyi a Nisisioken Ogale waɗanda sinadarin benzin, mai jawo ciwon daji, ya ninka abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi sau fiye da 900. Rahoton ya ce gyaran ƙasar zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. To, mu ɗauka akwai wata uwa a wannan gari da ta fi kowa tsafta. Tana wanke tulunta, tana rufe randa, ba ta yar da ko ɓawon gyaɗa. Me tsaftarta za ta yi wa gubar da ke ƙarƙashin ƙasa? In aka je mata da nasihar tattalin ruwa da rage leda aka tsaya a nan, an yi mata ba'a ne da sunan nasiha.

Haka abin yake game da iskar gas da ake ƙonawa a filayen mai. Tun 1979 aka yi dokar da ta sa watan Janairu na 1984 a matsayin lokacin da za a daina ƙona ta sai da izni na musamman. An yi ta ɗage wa'adi, iznin ya zama al'ada, tarar kuma ta zama kuɗin da ya fi sauƙin biya a kan gyara. A 2005 Babbar Kotun Tarayya da ke Benin ta yanke hukunci, a ƙarar da Jonah Gbemre ya shigar a madadin al'ummar Iwherekan, cewa ƙona gas ya saɓa wa hakkin rayuwa da mutunci. Duk da haka Nijeriya tana nan a cikin ƙasashe goma da suka fi ƙona gas a duniya. Da dukkan mazauna Iwherekan za su kashe fitilunsu su kwana cikin duhu, da harshen wutar nan bai ragu da ko taƙi ɗaya ba.

Akwai kuma wani abu da ya kamata mai karatu ya lura da shi. Ra'ayin cewa kowane mutum ya zauna ya lissafa yawan hayaƙin da rayuwarsa ke fitarwa ya bazu a duniya ne da taimakon wani gagarumin tallan da kamfanin mai na BP ya yi a tsakiyar shekarun 2000. Lissafin ba ƙarya ba ne, amma yana da daɗi ga mai babban laifi a ce laifin na kowa ne. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya danganta kashi 71 cikin ɗari na hayaƙin masana'antu da ke ɗumama duniya, tun daga 1988, ga kamfanoni 100 masu haƙo mai da gas da kwal. Nahiyar Afirka gaba ɗayanta kuwa abin da take fitarwa bai wuce kashi huɗu cikin ɗari ba. In aka raba laifi daidai tsakanin wanda ya ƙona daji da wanda ya kunna ashana ya hura murhu, an zalunci ɗaya, an kuma wanke ɗaya.

Wannan zalunci ya fi faɗawa a kan talaka. Muna yawan jin ana zargin matan karkara da masu sayar da gawayi da cinye dazuzzuka. Amma matar da ke girki da itace ba don ƙaunar hayaƙi take yi ba. Idonta ne ke ja, ƙirjinta ne ke ciwo. Kuɗin gas da kananzir ne suka fi ƙarfinta. Zaɓi sai da hali, kuma wanda ba shi da zaɓi ba a ɗora masa laifin zaɓen da bai yi ba. Abin da zai canza murhun wannan mata yana ofisoshin da ake tsara farashi da haraji, ba a madafarta ba.

Mun ga misalin wannan iyaka a tarihinmu na kusa. Shirin Yaƙi da Rashin Ɗa'a da gwamnatin soja ta ƙaddamar a 1984 shi ya haifar da tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata. Mutane sun fito, sun share, sun yashe kwatoci, sun tara shara a bakin titi. Inda motar kwasa ta zo, gari ya yi fes. Inda ba ta zo ba, ruwan sama na farko ya mayar da sharar cikin kwatar da aka fito da ita. Talaka ya sauke nasa nauyin, sauran nauyin yana wuyan hukuma, kuma babu tsintsiyar da za ta tilasta wa hukuma sayen mota.

Babban haɗarin da ke tattare da tsayawa a gida shi ne tsafta ta zama mafaka. Mutum ya share ƙofarsa, ya ji ransa ya yi sanyi, ya ce shi dai ya fita hakki. Wannan sanyin rai shi ne abin tsoro, domin yana kashe damuwar da ya kamata ta tashe shi tsaye. Wanda ya ga ana zuba ruwan guba a rafin da unguwa ke sha, yana da ilimin gane abin da ya gani, yana da bakin da za a saurara, sannan ya koma gida ya ci gaba da ba shukarsa ruwa, bai fita hakki ba. Ya wanke hannunsa ne kawai.

Hujjar Mai Koke da Ramukan da ke Gabansa

Tarihin dokokin muhalli a ƙasar nan ya nuna cewa kusan duk abin da aka samu, murya ce ta jawo shi. A 1988 aka gano cewa an jibge dubban gangunan shara mai guba daga Italiya a garin Koko, a tsohuwar Jihar Bendel. Ɗaliban Nijeriya da ke karatu a Italiya ne suka ga labarin a can suka sanar da jaridun gida, jaridu suka bi sawu har suka gano wurin. Kafin shekarar ta ƙare an tilasta kwashe sharar, an yi dokar hukunta masu shigo da irinta, an kuma kafa hukumar kare muhalli ta tarayya ta farko. Waɗannan ɗalibai suna iya cewa ba ruwansu, karatu ya kai su. Da sun yi haka, da ba a san iyakar abin da zai faru da mutanen Koko ba.

Sai kuma Ken Saro-Wiwa, marubuci, wanda mu masu nazarin adabi ba za mu iya tsallake sunansa ba. A 1990 aka kafa ƙungiyar neman ceto al'ummar Ogoni, a ranar 4 ga Janairun 1993 kimanin mutum 300,000 suka fito zanga-zangar lumana, a wannan shekarar kuma kamfanin Shell ya dakatar da haƙar mai a ƙasar Ogoni. A ranar 10 ga Nuwamba 1995 gwamnatin soja ta rataye shi tare da mutum takwas a Fatakwal, bayan shari'ar da duniya ta yi tir da ita. Rahoton 2011 da muka ambata, da diyyar fam miliyan 55 da al'ummar Bodo ta samu a 2015, duk sun biyo hanyar da waccan murya ta share. Wannan shi ne ƙarfin koke, kuma wannan shi ne tsadarsa.

Amma fafutika ma tana da nata ramukan, kuma ƙin faɗarsu ba adalci ba ne. Ramin farko shi ne ta zama sana'a. Idan kuka ya fara kawo alawus da tafiye-tafiye, akan wayi gari mai kukan ba ya son a share hawayen. Rami na biyu shi ne biki. Kowace damina ana taron dashen itatuwa, a kafa rumfa, babban baƙo ya sa tsiro a rami, a ɗauki hoto, a watse. In rani ya zo ba mai ba shi ruwa, ba mai kāre shi daga awaki, baɗi kuma a dawo a dasa wani a ramin. Itace ba ya rayuwa da jawabi, da bokitin ruwa na kullum yake rayuwa, wato da aikin mai tsintsiya. Rami na uku shi ne harshe. Mai koken da ya saba da zauren taro yakan manta yadda ake magana da mai unguwa da mai shayi, ya riƙa kawo musu damuwar narkewar ƙanƙara a ƙarshen duniya, alhali abin da ya hana su barci shi ne ruwan da ke shiga ɗaki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma fafutikar da ba ta fara daga wannan yoyon ba ba ta daɗewa.

Darasin Bagega

Babu inda dangantakar ayyukan nan biyu ta fito fili kamar a masifar gubar dalma ta Jihar Zamfara. A farkon 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura yara ƙanana suna mutuwa da yawa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Bincike ya nuna cewa duwatsun da ake haƙowa don neman zinariya suna ɗauke da dalma mai yawa. Ana kawo duwatsun cikin gida, a daka su a turmi, a niƙa su a injin niƙan hatsi, ƙurar ta bi tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baka. Yara fiye da 400 suka rasu, dubbai kuma gubar ta shiga jininsu.

A nan ɓarnar ta fito ne daga cikin gida, don haka matakin farko na gida ne: a fitar da daka da niƙa daga cikin gari, mai aikin haƙa ya yi wanka ya canza tufafi kafin ya ɗauki ɗansa, a wanke hannun yaro kafin ya ci abinci. Sarakuna da masu unguwanni sun taimaka wajen ganin an yi haka. Babu dokar Abuja da za ta iya shiga kowane gida ta wanke hannun kowane yaro.

Amma gubar da ta riga ta shiga ƙasa ba ta fita da wanke hannu. Sai an kankare saman ƙasar kowane gida an kwashe, an zuba sabuwa. Likitoci kuma sun bayyana cewa ba amfani a ba yaro maganin fitar da dalma a mayar da shi gidan da zai sake shaƙar ta. An gyara ƙauyuka bakwai a 2010 da 2011, aka bar Bagega, wadda ta fi su girma, tana jira da yara kimanin 1,500. A 2012 gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850, watanni suka shuɗe kuɗi ba su fito ba. Sai da wasu matasa, ciki har da Hamzat Lawal, tare da ƙungiyoyin kare hakkin ɗan Adam, suka ɗauki maganar suka yi ta yayatawa a kafofin sadarwa da gaban 'yan majalisa, sannan aka saki kuɗin a farkon 2013, aka gyara garin, aka fara ba yara magani.

Labarin bai ƙare a nan ba. A wasu gidajen da aka gyara, an sake shigo da duwatsu, gubar ta dawo, domin talauci bai tafi ba kuma zinariya tana nan. A 2015 irin wannan masifa ta sake aukuwa a Jihar Neja. Ke nan kula ta gida ba ta isa ta kwashe gubar ba, koke kuma bai isa ya hana ta dawowa ba. Da iyayen Bagega sun tsaya a wanke hannu, da yaransu sun ci gaba da rarrafe a kan guba. Da matasan nan sun samo kuɗin, mutanen gari kuma ba su canza yadda suke aiki ba, da an zuba miliyoyin a rariya.

Ma'aunin da Muke Ba da Shawara

Daga abin da ya gabata za mu iya fitar da ma'auni. Tambaya ta farko da mutum zai yi wa kansa ita ce: wannan ɓarna daga ina ta fito? In daga tarin hannaye ne, nasa a ciki, to aikin yana farawa daga gidansa. In daga hannu guda ne mai ƙarfi, kamfani ko hukuma ko wani mai kuɗi da ya gina gida a kan hanyar ruwa, to duk tsaftar da zai yi a gida ba ta taɓa matsalar, kuma abin da ake bin sa shi ne magana.

Tambaya ta biyu ita ce: me ke hannuna wanda ba ya hannun maƙwabcina? Hakki yana tafiya ne da iko. Mai tallan ruwa da ke neman abincin yini in ya kiyaye inda yake yar da leda ya yi abin da zai iya. Amma lauya, da ɗan jarida, da limami, da malamin jami'a, ba za su ce sun yi daidai da shi don sun yi abin da ya yi ba. Mu da muke cikin jami'a muna da ɗakunan gwajin da za su iya faɗin abin da ke cikin ruwan rijiya. Mun san cewa dokar tantance illar manyan ayyuka ga muhalli ta 1992 ta ba jama'a damar duba rahoto su faɗi ra'ayinsu kafin a fara aiki. Mun san dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowa damar tambayar hukuma a rubuce, a kuma ba shi amsa cikin kwana bakwai. Mun san sashe na 20 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati nauyin kare ruwa da iska da ƙasa da daji. Wanda ya san waɗannan ya yi shiru, shirunsa ya fi na wanda bai sani ba nauyi.

Za a iya cewa, ai ba kowa ne Saro-Wiwa ba, mutum yana da iyali, kuma tsoro halak ne. Wannan gaskiya ne, ba ma kuma ganin ɗabi'a tana tilasta wa kowa ya miƙa wuyansa. Sai dai tsakanin tsintsiya da igiyar rataya akwai matakai masu yawa da ba sa kashe kowa. Akwai halartar taron unguwa. Akwai rubuta wa mai shayi takardar koken da ba zai iya rubutawa ba. Akwai raka mai unguwa zuwa wurin kansila, da komawa mako mai zuwa in ba a ga komai ba. Yawancin waɗanda ke fakewa da haɗarin fafutika ba rataya suke tsoro ba, ɓata yammacin Asabar suke gudu.

A waɗannan matakai na tsakiya ne ayyukan biyu suke haɗuwa, kuma al'adarmu tana da suna ga wurin haɗuwar, wato gayya. Aikin gayya aikin hannu ne kamar shara, amma na jama'a ne kamar koke. Mutanen da suka yashe kwatar layinsu tare su ne za su iya tafiya tare su nemi motar kwasa, kuma jami'in da zai iya korar mutum ɗaya yakan yi tunani kafin ya kori mutum hamsin da ya ga laka a ƙafafunsu. Wangari Maathai ta Kenya da tsiro ta fara a 1977, tana koya wa matan karkara reno da dashe. Wannan aikin ne ya kai ta ga gane cewa masu raba dazuzzuka a ofis sun fi masu gatari ɓarna, har ta tsaya a 1989 ta hana gina dogon bene a Dandalin Uhuru na Nairobi. Dashen ne ya ba ta jama'a, jama'ar kuma suka ba muryarta nauyi.

Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram sun nuna ɗaya fuskar al'amarin. Tun daga shekarun 1980 manoma suka fara barin tohon gawo da sauran itatuwa a gonakinsu suna yi musu aski maimakon sassabe su, har aka kiyasta cewa an farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan biyar. Aikin na hannun manomi ne, kowa a gonarsa. Amma ya bunƙasa ne a lokacin da aka sassauta tsohon tsarin da ya mayar da itace mallakar gwamnati, manomi ya tabbata cewa abin da ya rena nasa ne. Ɗabi'a mai kyau tana bukatar doka mai kyau kafin ta yaɗu, doka mai kyau kuma takarda ce kawai in ba ta sami masu ɗabi'ar ba.

Kammalawa

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa gardamar mai tsintsiya da mai koke ta ginu ne a kan zaton cewa aikin ɗaya yana iya tsayawa a madadin na ɗaya. Kula da gida bashi ne da ke kan kowa, ba ya faɗuwa, amma biyansa ba ya sauke bashin magana daga wuyan wanda yake da ikon yin ta. Magana kuma ba ta ba mai ita lasisin zuba shara a kwata. Wanda ƙarfinsa kaɗan ne ya riƙe tsintsiyarsa, ya kuma ba da sunansa in an zo neman masu sa hannu. Wanda Allah ya ba ilimi ko muƙami ko alƙalami ya sani cewa rabonsa na magana ya fi yawa, kuma ba zai biya shi da dashen fure a ƙofar gida ba. Bahaushe ya ce tsintsiya ɗaya ba ta shara. Ɗaure ta ake yi, kuma ɗaurin nan shi ne aikin da ya rage mana a unguwanninmu da makarantunmu.